Wa Za Ka Miƙa Wa Igiyar Karenka?

Na san wasu daga cikin 'yan'uwana ɗalibai za su yi dariya da ganin kan wannan rubutu, su ce, "To, yau kuma kare ne ya shigo mujallarmu?" Ku yi haƙuri ku biyo ni. Maganar amana ce, kare ne kawai ya jawo ta.

Ni ɗan Legas ne, a aji na koyi Hausa. A gidan ƙanwar mahaifiyata da ke Surulere na tashi, inda muke da wani kare da ya shekara shida tare da mu. Bara ina makaranta, ita kuma aiki ya yi mata yawa, sai ta samu lambar wani saurayi a zauren WhatsApp na unguwa, wai sana'arsa fita da karnuka yawo. Kwana uku komai lafiya. Rana ta huɗu ya dawo da igiya kawai, ya ce karen ya ƙwace. Sai da aka kwana biyu ana nema kafin a tsince shi a bayan kasuwa yana ɗingishi. Saurayin kuwa ya kashe waya. A lokacin ne muka farga cewa ba mu san cikakken sunansa ba, balle gidansu, ga kuma makullin ƙofarmu a aljihunsa.

A Amurka wannan sana'a ta daɗe da shiga wayar salula. An kafa kamfanin Rover a birnin Seattle a 2011, sai Wag a Los Angeles a 2015. Manhajarsu na haɗa mai kare da wanda zai fita da shi, ta nuna hanyar da suka bi a taswira, a kuma aiko da hoto. Kada a raina harkar, domin a farkon 2024 kamfanin Blackstone ya sayi Rover a kan kimanin dala biliyan 2.3. Ba na shakka matasanmu masu ƙirƙirar manhaja za su so su kwaikwayi wannan a Legas ko Abuja ko Fatakwal. Tsorona shi ne su kwaso ado su bar ginshiƙi.

Adon da nake nufi shi ne taurarin nan biyar da ake ba mutum bayan ya gama aiki. Da an tambaye mu a rana ta uku, wallahi taurari biyar za mu ba saurayin nan. Tauraro yana faɗin abin da ya wuce ne, ba ya gaya maka wanda za ka kama in abu ya ɓaci. A ganina, manhajar da za a yarda da ita ita ce wadda aka gina domin ranar da abu ya lalace.

Da farko, a san ko wane ne mutum. Muna da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN mai alƙaluma 11. A haɗa ta da hoton fuska da adireshin da aka je aka gani, sannan a samu wanda zai tsaya masa, kamar yadda ake yi wa yaron shago ko direba. Iyayenmu sun san wannan tun kafin a yi waya.

Na biyu, kada manhaja ta karɓi aikin farko sai mai kare da mai aiki da karen kansa sun haɗu ido da ido. Hausawa sun ce gani ya kori ji. In kare ya ƙi mutum, gara a sani a tsakar gida, ba a tsakiyar titi ba.

Na uku, kuɗi su tsaya a hannun manhaja har sai kare ya dawo gida lafiya. A kuma rubuta ƙarara wanda zai biya likitan dabbobi in ya ji ciwo, da lambar da za a kira mutum ya ɗauka.

Na huɗu, amana ba gefe guda take ba. Shi ma mai aikin ɗan wani ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a duk shekara, kuma kusan duka daga karnuka ake ɗaukarsa. Saboda haka dole mai kare ya nuna katin rigakafi, ya kuma faɗi gaskiya in karensa mai cizo ne. Haka nan, manhajar da ta san adireshinka da lokacin da ba ka gida, in ba ta kiyaye sirri kamar yadda dokar kare bayanai ta 2023 ta tanada ba, to an ba kura ajiyar nama.

Na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye, mu ɗaliban harshe. Sharuɗɗan da aka rubuta da dogon Turancin lauyoyi, wa ke karanta su? Danna "na yarda" kawai muke yi. Mutum ba zai riƙe alkawarin da bai fahimta ba. A rubuta su a taƙaice da Yarbanci da Ibo da Hausa da Turancin buroka, har da murya domin wanda bai iya karatu ba. Wannan aikinmu ne, in mun shirya.

Wani zai ce ai wannan damuwar masu kuɗi ce. Amma a cire kare a sa yaro da mai reno, ko tsohuwa da mai jinya, ko gida da mai gyaran famfo, tambayar ba ta sauya ba: wa na buɗe wa ƙofa, kuma wa zan kama?

Karenmu ya warke, mun kuma sauya makulli. Allah Ya haɗa mu da masu riƙon amana, amin.