A sauke mota ƙasa kafin a ɗaure bulon

A garejojin Yamai, Maradi da Damagaram, canjin triyangil, wato ƙarfen da ke haɗa ƙafar mota da gangar jikinta, aikin kullum ne, don ramukan hanya irin ta Tawa zuwa Agadas ba sa barin ƙafar mota lafiya. Sau da yawa bayan ƴan watanni ƙarar ta dawo, mai mota ya ce jabu aka sayar masa. Jabu kam akwai a kasuwa, amma wani lokaci laifin na ɗauri ne.

A gindin triyangil akwai robar da makanikai ke kira silanbulok. Da zarar an ɗaure bulon, ƙarfen da ke tsakiyarta ba ya sake juyawa, robar ce ke murɗawa duk sanda taya ta hau ko ta sauka. Idan aka ɗaure tam mota na bisa kirik, taya na reto, to da an sauke ta robar za ta zauna a murɗe ko da mota na tsaye. Kowane rami sai ya ƙara mata wahala har ta tsage, sitiyari ya fara rawa, taya ta cinye gefe guda.

Ƙa'idar ba ta da wuya: a saka bulon a ɗan kama shi, a sauke mota bisa tayoyinta, misali a kan ramin gareji, sannan a yi ɗaurin ƙarshe. Kowane bulon kuma akwai iyakar ƙarfin da kamfani ya rubuta masa, ana auna shi da kile mai ma'auni. Yaron gareji da ya zura bututu a kile ya taka da ƙafa yana iya miƙar da bulon har ya raunana, wanda bai ɗauru ba kuma ya kwance a hanya. Idan na rotil ne ya fita a Hiace cike da fasinja, maganar rai ce. Bayan aikin, dole a daidaita sawun tayoyi.

Ya kamata masu gareji su mallaki wannan kile, su koya wa yaransu aiki da shi. Masu mota su ma su rage gaggawa, domin sau da yawa su ke tsaye a kan makaniki suna duba agogo. Ƴan ci-rani da ke aiko da kuɗin gyaran taksin da ke ciyar da gida kuwa, tambaya ɗaya ta ishe su a waya: a ƙasa aka ɗaure, ko a bisa kirik?