Bindiga a ƙarƙashin riga, takarda a aljihu: wa doka take karewa?

Tsakanin El Alasan Mairairai da Mayahi, ko a kan hanyar da ke gangarawa Tasawa, ba kowane mai ƙaramar bindiga a ƙarƙashin riga ba ne ɗan fashi. Akwai dillalin shanu da ke tashi da asuba da kuɗin mutane a lalitarsa, akwai ɗan kasuwar hatsi da ke dawowa bayan almuru. A cikinsu akwai wanda ya bi hanyar doka, ya kai takardunsa ga hukuma, ya jure bincike, ya jira amsa daga Yamai mai nisan fiye da kilomita 700, har ya sami izinin riƙe makami. To, wannan bawan Allah, me ya kamata ya yi sa'ad da jandarma ya ɗaga masa hannu a bakin shinge?

Ba wanda ya taɓa faɗa masa. Dokar da ta tsara mallakar makamai, mai lamba 63-074, an sa mata hannu ranar 23 ga Afrilu 1963, zamanin Diori Hamani da jam'iyya ɗaya. Taron Ƙasa na 1991 ya zo ya wuce, an sauya tsarin mulki sau da dama, ita kuwa ta shafe fiye da shekara 50 tana nan daram, cikin Faransanci, a jaridar gwamnati da ko ma'aikata ba su cika buɗewa ba, balle mutumin ƙauye. A 1994 an kafa hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI. A watan Satumba na 2000 an ƙone bindigogi a Agadas, duniya ta yi tafi. Madalla! Amma duk wannan himma a kan makamin ɓoye ta ƙare. Mai makamin halal an miƙa masa takarda, an sallame shi, an bar shi da dabararsa.

Dabarar kuwa hankali ne ya koyar da ita, ba hukuma ba. Mutum ya kashe mota ko babur, ya bar hannuwansa a fili, ya yi sallama, sa'an nan ya sanar tun kafin a taɓa jikinsa cewa yana ɗauke da makami kuma yana da izini. Kada ya kai hannu ƙugu, ko da nufin nuna takarda ne, sai an ce ya yi. Dalili a fili yake: jami'in da ke tsaye cikin duhu bai san zuciyar kowa ba, kuma tun da ƴan bindiga suka addabi Madarumfa da Gidan Rumji, har dubban mutane suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato da Katsina a 2019, yatsan kowane mai kaki yana kusa da kunama. Shi ma yana da iyali. Wanda ya tsaya yi masa gadara don yana da hatimin minista a aljihu, wauta ya yi, kuma wautar irin wadda ba a gyarawa ce.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutumin da ya faɗi gaskiya da bakinsa, wace lada yake samu? In jami'i ya ga dama ya sauke shi, ya zaunar da shi a rana, kasuwa ta ci ta watse, ya karɓe makamin ba tare da rubuta masa shaidar karɓa ba, wa zai kai wa kuka? Takardar da ta kamata ta rufe magana sai ta zama mabuɗin ciniki. A nan ne ɓarnar take, domin matafiya suna kallo, kuma darasin da suke ɗauka shi ne mai shiru ya wuce, mai gaskiya ya kwana. Ƙasar da ke hukunta wanda ya bayyana makaminsa, da hannunta take cika rumbun haramtattun bindigogin da take kashe kuɗi wajen tattarawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu cewa a hana farar hula bindiga baki ɗaya suna da hujja, kuma a saurare su. Amma muddin gwamnati na bayar da izini, ba ta da damar yin kamar ba ta san masu shi ba. Yarjejeniyar CEDEAO ta 2006 ta shardanta horo kafin a bai wa farar hula lasisi. Ficewar Nijar daga ƙungiyar a Janairun 2025 ba ta mai da wannan sharaɗi shirme ba.

Abin da ake nema bai kai kuɗin man motar wani babba na wata guda ba: umarni ɗaya a rubuce, da ke faɗa wa jami'i da mai izini abin da kowannensu zai yi, tare da tilasta rubuta shaida duk lokacin da aka karɓi makami. A fassara shi da Hausa da Fulatanci da Tamashek, a karanta shi a gidajen rediyon karkara, a liƙa shi a ƙofar kowace birgad ta jandarma daga Tasawa har Mayahi.