Zanen da aka guntule wa suna

Makon jiya wani tsohon ɗalibina ya nuna mini zanen da ya kwashe kwana 10 yana yi. Ya sa a Facebook, sai ga shi a tallar wani shago, an guntule sunansa. Da ya yi magana aka ce: "Ai a intanet muka gani." To, akuyar da ka gani a titi taka ce? Yarjejeniyar Berne, wadda Nijar ke ciki, tana kare zane ko ba a yi masa rajista ba. Jama'a, mu nemi izini, mu bar sunan mai shi, mai cin riba ya biya. Masu zane kuma su kai kukansu BNDA, hukumar kare haƙƙinsu a Yamai.