Awon Safe Kaɗai Bai Isa Ba



In akwai mai allurar insulin a gidanka, kar ka dogara da awon safe kaɗai. Suga hawa da sauka yake: tuwo da kunu su ɗaga shi, aikin gona da azumi su saukar.

A riƙa aunawa kafin karin kumallo, awa 2 bayan abinci, da lokacin kwanciya, ana rubutawa. Kai wa likita takardar a Babban Asibitin Kankia. Gyaran allura aikinsa ne, ba naka ba.

Awo ya gaza 70, ga gumi da karkarwa? Maza ba shi zuma babban cokali, in yana iya haɗiya, ko da azumi yake. In ya suma, sai asibiti.

Habbatus sauda ba ta maye gurbin allura. Allah Ya ƙara lafiya.