Kafin Sayen Amfilifayar Sinimar Gida a Kongo: A Fara Duba Wuta, Ba Lambar Jikin Kwali Ba

Duk wanda ya tashi daga Kongo ya shiga shagunan kayan lantarki na Tudun Wada ko kasuwar Sabon Garin Zariya neman amfilifaya, abin da zai fara cin karo da shi lambobi ne manya a jikin kwali: wat 3,000, wat 5,000, tashoshi bakwai, tashoshi tara. Yawancin masu saye a nan suke faɗawa tarko. Amfilifayar da ta dace da falon Kongo ita ce wadda za ta jure wutar unguwar, ta dace da girman ɗakin, ta kuma yi daidai da abin da mutanen gidan ke kallo. Girman lamba na zuwa ne daga baya.

Aikin amfilifaya mai tashoshi da yawa shi ne ta karɓi sauti daga dikoda ko talabijin, ta rarraba shi, ta ba kowace sifika ƙarfinta. Tsarin 5.1 na nufin sifika uku a gaba, biyu a gefe ko baya, da wufa ɗaya mai fitar da gurnani. Ya yaɗu ne bayan fitowar Dolby Digital a gidajen sinima a 1992. A 2012 aka kawo Dolby Atmos, wanda ya ƙara sauti daga sama.

Batun wat shi ne inda aka fi yaudarar mutane. Lambar da ke ɗauke da PMPO ba ta da wani ma'auni da kamfanoni suka amince da shi, kowa na rubuta abin da ya ga dama. Wadda ake iya dogara da ita ita ce ta RMS, wato ƙarfin da na'urar ke iya bayarwa a ɗore. Akwai gwaji mai sauƙi da mai saye zai yi a cikin shago: ya juya bayan na'urar ya karanta yawan wutar da take ja. Idan an rubuta wat 100 a baya, an rubuta 5,000 a gaba, to magana ta ƙare, domin na'ura ba ta iya fitar da abin da ya fi wanda ta sha. Ko a manyan kamfanoni irin su Yamaha, Denon da Sony, sau da yawa lambar da ake tallatawa an auna ta ne da tasha ɗaya ko biyu suna aiki. Idan duka biyar suka kama, rabon kowace sai ya ragu.

Kunne ma ba ya lissafi irin na ɗan kasuwa. Ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu desibel uku kacal yake ƙarawa. Kafin mutum ya ji ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma. Don haka bambancin wat 80 da wat 110 a falo mai mita huɗu da biyar ƙarami ne ƙwarai. Wat 50 zuwa 80 na gaskiya a kowace tasha sun wadatar da irin wannan ɗaki. Abin da ya fi muhimmanci shi ne dacewar om: sifika mai om 4 ta fi mai om 8 jan wuta, kuma idan aka haɗa ta da amfilifayar da ba a gina don haka ba, za ta riƙa zafi tana kashe kanta.

Sai babbar magana, wato wuta. Najeriya na amfani da bolt 230, Amurka 120, Japan kuma 100. Kayan gwanjo da yawa daga waɗannan ƙasashe suke fitowa, kuma jona amfilifayar Amurka kai tsaye a soket ɗin Zariya na iya ƙona ta nan take. Kayan Ingila sun fi sauƙi, domin ƙarfin wutarsu da filoginsu irin na nan ne. Ko na'urar ta dace, akwai wutar da ke zuwa rabi-rabi, da wadda ke dawowa da ƙarfi bayan ɗaukewa, da ta ƙaramin janareta mai hawa da sauka. Ɓangaren HDMI na amfilifayoyin zamani ba ya jure irin wannan, kuma gyaransa ya fi na tsofaffin na'urori wuya. Wanda ya zuba duk kuɗinsa a amfilifaya bai bar na sitabilaiza da na'urar tare tsallen wuta ba, ya gina gida ne ba ƙofa.

Lissafin kuɗin wuta ma ya canja. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, kuma a Oktoban shekarar jihohin Arewa da dama suka shafe sama da mako guda cikin duhu. Gidaje da yawa sun koma sola da inbata. A irin wannan gida, amfilifaya ajin D ta fi dacewa, domin kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da take ja na isa ga sifikoki, alhali ajin AB na zubar da kaso mai yawa a matsayin zafi. A zafin Maris da Afrilu, da ƙurar hunturu mai toshe ramukan iska, na'urar da ba ta zafi sosai ta fi tsawon rai. Kowace iri ce dai, bai kamata a kulle ta cikin kabad ko a ɗora mata dikoda a ka ba.

Masu ra'ayin sayen babba na da hujjarsu. Sukan ce gara a sayi mai tashoshi bakwai ko tara tun yanzu, kada gobe a sake kashe kuɗi. Hujjar na da ƙarfi ga wanda ya gina gidansa, ya ware ɗakin kallo, yana kuma da intanet mai ɗaukar finafinan Netflix masu Atmos. Amma Kongo unguwa ce da ke kewaye da harabar Jami'ar Ahmadu Bello, inda ɗalibai da ma'aikata da yawa ke zaman haya. Mai haya ba zai fasa silin don saka sifika ba. Sannan yawancin abin da ake kallo a YouTube, har da finafinai da waƙoƙin Hausa, sautin tashoshi biyu ne. Biyan kuɗin tashoshi tara don sauraron biyu asara ce. Kuɗin da aka rage a nan, a saka shi a sifikar tsakiya mai kyau, domin ita ke ɗauke da maganar 'yan wasa.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabta. Gurnanin wufa na ratsa bango fiye da kowane sauti, kuma a bayan bangon akwai ɗalibin shari'a mai jarrabawa gobe, ko dattijon da zai tashi sallar Asuba. Amfilifaya mai tsarin dare, wanda ke rage fashewar ƙara ya fito da magana, ta fi amfani a irin wannan gida fiye da ƙarin wat ɗari.

Saboda haka, mai saye a Kongo ya nemi 5.1 mai bolt 220 zuwa 240, mai HDMI ARC ko eARC don waya ɗaya ta haɗa ta da talabijin, wadda om ɗinta ya dace da sifikunsa. Idan ta gwanjo ce, ya sa a gwada masa kowace tasha da kowace kafar HDMI a gabansa, a bar ta tana aiki na ɗan lokaci, ya kuma tabbatar da rimot da makirufon daidaita sauti suna ciki. Sitabilaiza kuma a saye ta rana ɗaya da amfilifayar, kafin a jona komai a bango.