Ba bindiga ce ta kashe gasar tanis ta Legas ba

Duk lokacin da aka tada maganar wasanni a makarantunmu, amsa biyu ake ba mu. Manya su ce a yi haƙuri, gwamnati na shirin kawo babbar gasa, ita za ta farkar da matasa. Iyaye su ce yaro karatu aka aiko shi, ba guje-guje ba. Duka biyun kuskure ne, kuma akwai wata gasa da ta mutu a maƙwabta wadda tarihinta ya isa hujja a kansu. Gasar ƙwallon tanis ce ta birnin Legas, wadda ta taɓa tara gwanayen duniya, yau kuma sai an tona tsofaffin jaridu kafin a san an yi ta.

A watan Fabrairun 1976 kamfanin WCT na Amurka, mai shirya wasannin ƙwararru, ya kawo ɗaya daga cikin gasanninsa filin Lagos Lawn Tennis Club. Kuɗin man fetur na zuba a Najeriya a lokacin, ana son duniya ta gani. Cikin baƙin har da Arthur Ashe, baƙar fatan Amurka wanda ya ci kofin Wimbledon a 1975 bayan ya kada Jimmy Connors. Ana tsakiyar gasar, ranar Juma'a 13 ga wata, aka harbe shugaban ƙasa Janar Murtala Muhammad a yunƙurin juyin mulkin Laftanar Kanar Dimka. Gari ya rikice, aka rufe iyakoki da filin jirgi. Duk da haka aka ce a ci gaba da wasa. Ranar Litinin 16 ga wata, Ashe na karawa da Jeff Borowiak a wasan kusa da na ƙarshe, sojoji suka faɗo cikin fili, suka dafa masa bakin bindiga a baya suka fitar da shi, ƴan kallo suka watse. Ofishin jakadancin Amurka ne ya taimaka ƴan wasan suka bar ƙasar. Sai a watan Afrilu aka ƙarasa gasar Legas a Karakas ta ƙasar Benezuwela, inda Dick Stockton ya doke Ashe da ci 6-3, 6-2.

Labarin na da daɗin bayarwa, shi ya sa mutane ke tsayawa a nan su ce soja ne suka kashe tanis a Najeriya. To amma gasar ba ta mutu a 1976 ba. Daga 1978 zuwa 1980 tana cikin jerin Grand Prix, wato babban zagayen ƙwararru na wancan zamani. Kjell Johansson na Suwidin ya ci ta 1978, Hans Kary na Ostiriya ya ci ta 1979, ɗan ƙasarsu Peter Feigl ya ci ta 1980. Daga nan ta sauko matakin Challenger, wanda ke bin babban zagaye, ta yi ta gudana cikin shekarun 1980. A wannan lokaci ba Legas kaɗai ba ce: an yi irin wannan gasa a Benin da Enugu da Kaduna, Turawa na bin garuruwan ɗaya bayan ɗaya suna neman maki. Zuwa farkon shekarun 1990 duk suka ɓace daga jadawalin. Kofin Gwamna da aka kafa daga baya a Legas a matakin ƙasa da wancan yake. Abin da bindiga ta kasa kashewa rana ɗaya, shi ne ya bushe a hankali ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba.

Masu lura za su ce naira ce. Da gaskiyarsu, amma rabi. Kyautar irin waɗannan gasanni da dalar Amurka ake lissafa ta, kuma daga 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta shiga tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta yi ta zubewa. Kamfanin da ke ɗaukar nauyin gasa ya ga abin da yake biya jiya ya ninka, sai ya janye. Sai dai nairar nan ba tanis kaɗai ta faɗo wa ba. A daidai wannan zamani Najeriya ta ci kofin duniya na ƴan ƙasa da shekara 16 a 1985, ta ci kofin Afirka a 1994, ta ɗauki zinaren Olamfik a Atlanta a 1996. Talaucin ɗaya ne, sojojin ɗaya ne. Me ya sa ƙwallon ƙafa ta yi ta haihuwa, tanis ta ƙare? Saboda tamaula na cikin kowace makaranta da kowane lungu, yara ke riƙe da ita, ba ta jiran kamfani. Tanis kuwa tana bayan katangar kulob, inda sai mai katin zama memba ke shiga. Ranar da mai biyan kuɗi ya tafi, babu ɗaliban da za su tambaya ina gasarmu, babu malaman da za su ce mu shirya ƙarama da kanmu. Kayan aro ba ya rufe katara.

Mu duba namu. An fara gasar Takobin Ƙasa ta kokowa a Tawa a 1975, shekara guda kafin Ashe ya sauka Legas, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Tun daga nan kokowa ta ga fari, ta ga karyewar darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, ta ga juyin mulki a 1996 da 1999 da 2010 da 2023. Ko an tsallake wata shekara, tana dawowa, tana zagaya jihohi, filin ya cika maƙil, wanda bai samu shiga ba ya manne da rediyo. Gwamnati na zuba kuɗi, ba musu. Amma da gwamnati za ta janye gobe, yara a ƙauyukan Gobir da Adar da Damagaram ba za su daina kama juna a yashi bayan kaka ba. Takobi reshe ne, saiwar tana dandalin ƙauye. Gasar Legas reshe aka yanko daga waje aka kafa a ƙasa ana ba shi ruwan dala.

Za a ce ai gasar ta haifar da ɗa. Gaskiya ne, kuma labarinsa ma hujjata ce. Nduka Odizor yaro ne mai tsintar ƙwallo a kulob ɗin Ikoyi. Wani malamin jami'ar Houston, Robert Wren, ya ga hannunsa, ya ɗauki nauyinsa zuwa Amurka. A 1983 Odizor ya fitar da Guillermo Vilas a Wimbledon, ya kai zagaye na huɗu, ya ci gasar Taipei, a 1984 ya kai na 52 a duniya. A Kamaru ma haka aka yi: Ashe ya ga Yannick Noah a Yawunde a 1971 yana ɗan shekara 11, ya yi wa hukumar tanis ta Faransa magana, aka tafi da yaron. A 1983 Noah ya ci Roland Garros, kuma tutar Faransa aka ɗaga. Yara biyu, duka sai da wani baƙo ya ratso ta gefen fili ya gan su. Wannan sa'a ce, ba tsari ba ne. Yara nawa ne masu irin wannan hannu suka tsufa suna tallar goro don baƙon bai bi ta unguwarsu ba? Ƙasar da ta bar gano baiwar ƴaƴanta a hannun matafiya, kada ta yi kuka in matafiyan sun tafi da su.

Ga inda aka yi akasin haka. Ons Jabeur ta Tunisiya ta kai wasan ƙarshe na Wimbledon a 2022 da 2023, ta kai ta biyu a duniya, kuma da tutar ƙasarta. Tun tana yarinya ta shiga lisen wasanni na El Menzah a birnin Tunis, makarantar gwamnati inda ake haɗa karatu da horo. Ƴar Afirka ce, musulma ce, kuma ta makaranta ta bi.

Na san abin da wani uba a Tasawa ko Madawa zai ce: mushe, tanis wasan masu kuɗi ne, me ya haɗa mu da shi? Fili na ƙa'ida mai tsawon mita 23,77 da shimfiɗa mai kyau yana da tsada, raket da ƙwallo daga waje ake kawo su, ban yi gardama ba. Sai dai a duba su wane ne suka yi nisa. Mahaifin Ashe mai kula da filin wasan baƙar fata ne a Richmond, gidansu na cikin filin. Mahaifin Frances Tiafoe, ɗan Saliyo, mai gyara da tsaron wata cibiyar tanis ne a Maryland, ɗansa ya kai wasan kusa da na ƙarshe na US Open a 2022. Odizor mai tsintar ƙwallo ne. Abin da suka samu wanda sauran ƴaƴan talakawa ba su samu ba shi ne ƙofa a buɗe da fili kusa da gida. Kuma hukumar tanis ta duniya da kanta ta fito da tsarin yara na ƙaramin fili, kamar mita 11, da ƙwallo mai taushi wadda ba ta gudu, abin da igiya da alli da dandaɓaɓɓiyar ƙasa za su iya ɗauka. Amma ba ina kira a gina filin tanis a kowane ƙauye ba ne. A cire sunan tanis a sa gudu, ko ƙwallon hannu, ko tekwando, darasin bai canja ba. Lambobin Olamfik biyu gare mu a tarihi, tagullar Isaka Dabore a dambe a Munik 1972 da azurfar Abdul Razak Alfaga a Riyo 2016. Shekara 44 tsakani. Ba baiwa ce ke zuwa sau ɗaya a shekara arba'in ba, mu ne ba mu da rariyar tace ta.

Na kuma san abin da abokan aikina za su ce: muna koyarwa a ajin zana, yara ɗari a ƙasa ba tebur, ƴan kwantaragi na jiran albashi, a wasu yankuna an rufe makarantu saboda rashin tsaro, kai kana maganar wasa. Duk gaskiya ne. To amma awar motsa jiki tana cikin jadawali tun da daɗewa, ba sabon kasafi take nema ba. Mu ne muke cinye ta. Mu mai da ita sharar tsakar makaranta, ko ramuwar darasin lissafi, ko mu sallami yara mu zauna shan shayi a inuwa. Sai jarrabawar birbe ta matso a fito da su cikin rana a ce su yi gudu da tsalle, abin da ba a koya musu ba shekara huɗu. Ƴan mata kuwa tun daga aji na farko a kwaleji ake koya musu cewa wurinsu gindin bishiya ne, su riƙe wa maza riguna. Inda ake da damuwar sutura, maganinta kaya masu rufe jiki da malama mai kula da su, ba a hana rabin aji motsi ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne filin. A garuruwanmu da yawa harabar makarantar da ba ta da katanga tana raguwa kowace shekara: yau shago, gobe garejin babura, jibi a ce an yanka fuloti. Aji in ya rushe ana sake ginawa. Fili in an gine shi ya tafi har abada. Uban da ya yi shiru yana kallo ana cin filin lakwal, shi ne gobe zai zo yana ƙorafin ɗansa ya shiga fada da shaye-shaye.

Su kuma manyan da ke mana alkawarin babbar gasa, mun riga mun gani. Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a watan Disamban 2005, aka yi biki, baƙi suka tafi. Kowane malami ya tambayi kansa ko ƙwallo ɗaya ta ƙaru a makarantarsa dalilin haka. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma biki ba ya haifar da ɗan wasa.

Ga abin da ke hannunmu, ba sai an jira Yamai ba. Darektoci su bar awar motsa jiki a matsayinta, sufeto in ya zo ya duba ta kamar yadda yake duba Faransanci. Kwamitin iyaye da na kula da makaranta su je wurin magajin gari su nemi takardar iyakar filin, su dasa itatuwa a kan iyakar tun kafin mai siminti ya iso. Makarantun kowane yanki su tsaida gasa tsakaninsu, wata ɗaya sananne kowace shekara, maza da mata, da ɗan kuɗin da za su iya tarawa da kansu, don kada ranta ya kasance a aljihun mutum ɗaya. In ɗan kasuwa ko ɗan siyasa ya zo da taimako, a roƙe shi ƙwallaye da raga da horon malamai, kada a bari kuɗin ya ƙare a rumfa da lasifika da jawabi. Sannan a sayi babban littafi a riƙa rubuta sunan wanda ya ci da shekarar da ya ci, a ajiye a ofishin darekta, don yaron bana ya ga sunan yayansa ya ce sai ya wuce shi.

Gasar Legas ta samu kuɗin fetur, ta samu zakaran Wimbledon, ta samu jaridun duniya, kuma abin da ya rage na manyan shekarunta jerin sunayen baƙi ne. Mu ba mu da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Muna da yara, da fili in mun tsare shi, da awa guda a jadawali in mun daina sace ta.