Sauro ya sauya jadawali, mu kuma muna nan kan tsohon lissafi

Jama'a, ana maganar ɗumamar yanayi kamar abin Turai ne. Alhali abin yana cikin randar gidanmu.

Sauro ba ya iya daidaita zafin jikinsa, yanayi ne ke juya shi. Idan akwai sanyi, daga ƙwai zuwa babban sauro kan ɗauki mako biyu ko fiye. Da ɗumi ya ƙaru, cikin kamar mako ɗaya ya gama girma. Macen tana yawan cizo, tana yawan saka ƙwai, ƙwayar maleriya ma ta fi saurin nuna a cikinta. A tsaunukan Habasha an gano cewa a shekarun da suka fi zafi, cutar na hawa garuruwan kan tudu da sanyi ke kare su a da. Mutanen Jos da Mambila su lura.

Wani zai ce ai zafin Sakkwato da Maiduguri a bazara kashe sauro yake. Gaskiya ne, zafi idan ya wuce kima yana rage shi. Amma akwai sabon baƙo daga Asiya, Anopheles stephensi. An fara ganinsa a Jibuti a 2012, a 2020 kuma aka same shi a jihar Gombe. Shi ba ya jiran damina. Tankin ruwa, durum, rijiyar da ba murfi da ramin masu gini sun ishe shi hayayyafa, kuma yana jure rani. Zafi na ƙaruwa, famfo ba ruwa, kowa na tara ruwa a gida. To mun gina masa ɗakin haihuwa kenan.

Nijeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya, yawancin masu mutuwa kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Maganin rigakafin da ake raba wa yara gida-gida yana da amfani sosai, amma lissafinsa na damina ne.

A ganina, dole jihohi su ware kuɗin bibiyar sauro duk shekara, su dawo da duba-gari da ƙarfinsu, su kuma gyara ruwan famfo. Mu kuma a gida mu rufe tanki da randa, mu zubar da ruwan tsofaffin tayoyi, yara su kwana cikin gidan sauro ko da rani ne.

Allah Ya kare mana 'ya'yanmu.